Hular ta gola ce, to zanen da ke kanta fa, na wa ne?

Sagir Winnipeg:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar hokin ƙanƙara na kawo, amma waɗanda ba sa kallon wasan kada su gudu, batun haƙƙi ne. Duk wanda ya taɓa leƙa wasan NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ya ga mai tsaron gida da hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, kuma kowane gola da irin zanen da ke kan tasa: wani zaki, wani mikiya, wani kare ya wage baki. Ba inji ke buga zanen nan ba, mutum ne ke zama da bindigar feshi ya yi shi da hannunsa. Daga baya sai ka ga hular a katin 'yan wasa, a fosta, a riga, a 'yar ƙaramar hular da ake ajiyewa kan tebur don ado. Na juya bayan katunan da nake tarawa, ga tambarin NHL, ga na ƙungiyar 'yan wasa ta NHLPA, ga na Upper Deck, kamfanin da tun kakar 2014 shi kaɗai ke da lasisin buga katunan gasar. Sunan mai zane babu. Alhali a wasu katunan ko fuskar ɗan wasan ba a gani, hular ake sayarwa. Tun 1993 Pinnacle ta fitar da jerin katuna na huluna zalla. To mai zanen nan yana da kaso a cinikin, ko kuɗin aikin da ya karɓa ranar farko shi ke nan?

Alhaji Mudi:
Wa alaikumus salam. Sagir, ni ban san hoki ba, amma na san ciniki. In na kai shadda wajen mai aiki ya yi mini aska takwas, na biya shi, riga ta zama tawa. In na ga dama in sa a ɗauke ni hoto, in na ga dama in sayar, in na ga dama in ba ɗana. Ba zai biyo ni gidan biki ya ce a ba shi kaso ba. An yi ciniki, an sallama, an gama.

Auwalu Mai Fenti:
Ranka ya daɗe Alhaji, wannan maganar ce ta sa mu masu zane muke mutuwa da talauci. Rigar taka ce, ba wanda ya musa. Amma in ka ɗauki zanen da na ƙirƙiro maka ka kai masaƙa aka buga shi a yadi dubu ana sayarwa, ai ba rigarka kake sayarwa ba, kaina kake sayarwa.

Alhaji Mudi:
Kanka na saya ai, da na biya ka.

Barista Hadiza:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, bari in shiga tsakaninku, don a dokar Amurka da ta Kanada, inda wasan yake, Auwalu ya fi kusa da gaskiya.

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta raba abu biyu ƙarara: mallakar kayan daban, mallakar zanen da ke jikinsa daban. Wanda ya sayi hula ya mallaki hula. Yana iya sa ta, ya sayar da ita, ya kyautar da ita, mai zane ba shi da ta cewa, nan Alhaji ya yi daidai. Amma ikon kwafar zanen a buga shi da yawa yana nan hannun mai zane, sai in ya sa hannu a takarda ya miƙa shi. Da baki kawai haƙƙin ba ya komawa hannun wani.

Babbar hanyar da haƙƙin ke zama na mai biyan kuɗi tun daga tushe ita ce in mai zanen ma'aikacinsa ne, yana kan albashi. An gwada wannan a Kotun Ƙolin Amurka a 1989, shari'ar wani mai sassaƙa, James Earl Reid, da wata ƙungiyar taimakon marasa matsuguni da ta ba shi aikin mutum-mutumi. Ƙungiyar ta ce ita ta kawo shawara, ita ta biya, saboda haka aikin nata ne. Kotu ta ce Reid a shagonsa ya yi, da kayan aikinsa, ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan kwangila ne. Masu fentin hular gola kusan duk haka suke, kowa da shagonsa.

Akwai masu cewa hula kayan amfani ce, ba a ba kayan amfani haƙƙin mallaka. Wannan ma an wuce wurin tun 2017, a shari'ar Star Athletica da Varsity Brands kan adon rigunan 'yan matan da ke rawar ƙarfafa gwiwa a filin wasa. Kotun Ƙoli ta ce in za a iya hango adon shi kaɗai, a ɗauke shi a sa a kan takarda ya tsaya a matsayin zane, to yana da kariya. Siffar hular ba ta mai fenti ba ce. Zakin da ke kanta nasa ne.

Aska takwas kuwa, Alhaji, gadon kakanni ne, ba mai shi. Shi ya sa misalinka ya yi maka daɗi.

Nura:
Anti Barista ta zo da littafi. Ni dai abin da na sani, mun yi shekaru muna buga gem ɗin NHL, gola ya fito da sunansa da lambarsa da rigarsa daidai, amma hular wata ce daban mai launin kulob kawai. Da muna cewa ragwancin masu haɗa gem ne.

Barista Hadiza:
Ba lallai ragwanci ba ne ƙanena. Lasisin NHL ya ba su tambarin kulob da riga. Lasisin NHLPA ya ba su suna da kamannin ɗan wasa. Zanen hula bai shiga ko ɗaya ba, sai an bi masu shi ɗaya bayan ɗaya. Lauyan kamfani in ya duba wahalar, sau da yawa cewa zai yi a sa wata hular kawai.

Malam Bashir Minnesota:
Kafin ku yi nisa, ya kamata a san yadda abin ya faro, don tarihin ma yana da ruwa a gardamar nan.

Da can golan da fuska a buɗe suke tsayawa, ga faifan roba mai tauri, nauyinsa wajen giram 170, yana zuwa da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa. Clint Benedict ya ɗan gwada marufin fata a 1930 ya ajiye. Sai ranar 1 ga Nuwamba 1959, a Madison Square Garden, Andy Bathgate na New York Rangers ya fasa wa Jacques Plante na Montreal fuska. Aka ɗinke shi, ya ce wa kociyansa Toe Blake ba zai koma fili ba sai da marufin faiba da yake atisaye da shi. Fari ne fat, ba zane ko ɗigo. Har 1974 akwai mai tsayawa ba marufi, Andy Brown ne na ƙarshe a NHL.

Zane ya shigo ne ta hanyar wasa. A ƙarshen shekarun 1960 faifai ya bugi Gerry Cheevers na Boston a wajen atisaye, ya fake da haka ya tafi ɗakin canza kaya, kociya Harry Sinden ya biyo shi ya ce ya fito. Sai mai kula da 'yan wasa, John Forristall, ya ɗauki baƙin alƙalami ya zana ɗinki a daidai inda faifan ya buga. Daga nan duk bugun da ya samu marufin sai a ƙara ɗinki, har ya cika. Yau wannan marufin yana cikin waɗanda aka fi kwafa a duniyar hoki, riguna, fostoci, ƙanana na ado.

To Barista, ga tambaya. Ernie Higgins ne ya ƙera marufin. Forristall ne ya ja layin farko, kuma shi ma'aikacin kulob ne. Cheevers ne ya sha bugun, kuma sunansa ake saya. Wa za a biya?

Barista Hadiza:
Malam Bashir ka zaɓo mai wuya da gangan. Higgins ba shi da rabo a zanen, ƙira ya yi. In Forristall ya ja layin a bakin aikinsa, kulob zai ce nasa ne. Wani lauyan kuma zai ce 'yan layukan ɗinki ba su kai a kira su ƙirƙira ba. A irin wannan, abin da ake sayarwa a zahiri shi ne alaƙar marufin da Cheevers, kuma wannan wani haƙƙi ne daban, haƙƙin mutum a kan sunansa da kamanninsa.

Amma kada mu ɗauki marufin Cheevers mu auna sauran. Daga 1971 da Doug Favell na Philadelphia ya fito da nasa an shafe shi da fenti mai launin ruwan lemo, abin ya koma sana'a. Dubi zakin da Greg Harrison ya yi wa Gilles Gratton na Rangers a kakar 1976, baki a buɗe, haƙora a waje, fuskar gaba ɗaya ta koma ta dabba. Wannan ba wanda zai ce ba aikin gwani ba ne. Harrison ɗin nan kuma shi da gola Dave Dryden suka haɗa samfurin hula mai keji a gaba, wadda golan yau ke sawa, wadda ta ba masu fenti fili a goshi da kumatu da haɓa.

Alhaji Mudi:
To na ji doka. Amma ku amsa mini wannan. Mai fentin nan, in ya yi zane iri ɗaya sak a hula biyu, ɗaya babban gola ya sa ta ya ci kofi, ɗaya yaron unguwa ya sa, aka kai su gwanjo. Kuɗinsu ɗaya? Ba ɗaya ba. To bambancin daga ina ya fito, daga fenti ko daga kan da ya sa hular? Malam Bashir da bakinsa ya ce ta Plante fara ce fat, kuma na tabbata in ta fito kasuwa sai ta fi masu zaki da damisa tsada. Gola ne ya tsaya faifai yana dukansa shekara da shekaru har hular ta yi daraja. Mai fenti yana shagonsa yana shan shayi, sai ya zo ya ce a raba da shi?

Sagir Winnipeg:
Gaskiya Alhaji ya kama wani wuri. A wajen masu tara kayan tarihi, abin da ke ɗaga farashi shi ne a tabbatar an sa hular a wasa, a ga tabon faifai a jikinta.

Auwalu Mai Fenti:
Na yarda a kan hular da aka sa a wasa, guda ɗaya tilo. Amma a kati da fosta fa? In kan da ya sa hular ne kaɗai ke sayar da kaya, me ya hana kamfani ya buga katin da farar hula ya huta? Sun san yaro ba zai saya ba. Zakin yake so.

Kuma Alhaji, shan shayin nan da ka ce. Kafin feshi sai an kankare hular, an shafa fentin ƙasa, an yanka takardar rufi ta kowane launi, a fesa, a jira ya bushe, a sake rufewa, a sake fesawa, sannan a bi da ruwan ƙyalli a goge. Ga hula ba shafaffe ba ce kamar allo, ga ramukan iska, ga lanƙwasa, ido ɗaya na dabbar in ya karkace duk aikin ya lalace. Kana shaƙar tiririn fenti kwana da kwanaki. Ni na taɓa yi wa wani mai gidan abinci zanen bango, bayan shekara na ga zanen a ledarsa da kofunansa da motocinsa, har reshe ya buɗe da shi. Da na yi magana cewa ya yi ai ya biya ni kuɗin bango.

Alhaji Mudi:
Kuma ya biya ka ɗin ko bai biya ba?

Auwalu Mai Fenti:
Ya biya kuɗin bango, ranka ya daɗe. Kuɗin leda ne ban gani ba.

Barista Hadiza:
Auwalu, kada ka yi murna da yawa, don yanzu zan juyo kanka. Doka ta ba mai zane haƙƙi a takarda, amma in aka je kotu labarin kan canza.

Abin da ya fi kusa da batunmu shi ne shari'o'in zanen jiki a gem. Kamfanin Solid Oak Sketches ya sayi haƙƙin wasu zanen da ke jikin LeBron James da wasu 'yan ƙwallon kwando biyu, ya kai masu NBA 2K ƙara. A Maris 2020 mai shari'a Laura Taylor Swain a New York ta kori ƙarar. Ta ce zanen ɗan mitsitsi ne a cikin gem, kuma masu zanen sun san mutanen nan shahararru ne da za a riƙa nuna su, saboda haka akwai izini a fakaice ko da ba a rubuta ba. A 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a Ohio suka faɗa wa Jimmy Hayden, wani mai zanen LeBron ɗin, kusan haka. Catherine Alexander, wadda ta yi wa ɗan kokawa Randy Orton zane, ita ta yi nasara a 2022, aka ce a ba ta dala 3,750. Bayan shekarun da ta yi tana shari'a ke nan.

To wanda ya fenta hular golan NHL ya san za a haska ta a talabijin kowane dare, a ɗauke ta hoto dubu. Ba kotun da za ta ce a biya shi don an nuna wasa, ko don jarida ta buga hoton gola yana kama faifai. Inda yake da ƙarfi shi ne inda zanen ne kansa hajar: ƙaramar hular ado, fosta ta hula zalla, katin da aka yi don hular. Kuma yana da hujjar da masu zanen jiki ba su da ita, don ba a raba mutum da fatarsa, amma ana nuna gola da wata hular, kamar yadda Nura ya gani a gem.

Sai kuma batun rajista. A Amurka ɗan ƙasa ba ya shigar da ƙara sai ya yi wa aikin rajista, kuma diyyar nan mai tsoka, wadda kan kai dala 150,000 a kan aiki ɗaya in da gangan aka yi, sai wanda ya yi rajista da wuri. In ba haka ba sai ka nuna asarar da ka yi ko ribar da suka ci ta dalilin zanenka. Ku tambayi Frederick Bouchat, mai gadi ne a Baltimore da ke zane don sha'awa. Kotu ta yarda tambarin farko na kulob ɗin Ravens daga zanensa aka kwafa, amma da aka zo lissafin riba aka ce kuɗin da kulob ya samu ba tambarin ne ya jawo su ba. Ya ci shari'a, bai samu ko sisi ba. Tun 2022 dai an buɗe wata ƙaramar hukuma mai sauraron ƙananan ƙararrakin haƙƙin mallaka, iyakarta dala 30,000, ba sai da lauya ba. Wannan ta fi dacewa da mai shago ɗaya.

Nura:
Wato ka ci shari'a ka koma gida a ƙafa.

Zainab Stockholm:
Ni ina ganin kuna mantawa da cewa suna ma biya ne. Nan Suwidin akwai David Gunnarsson, wanda aka fi sani da DaveArt. Shi ya riƙa fenta wa Henrik Lundqvist hulunansa na Rangers, da golan NHL masu yawa. Duk hular da ya gama sai ya sa hotonta a shafinsa da bayanin abin da ke ciki, 'yan jarida su ɗauka da sunansa. Kowane dare da Lundqvist ya tsaya a raga talla ce kyauta gare shi. Wa zai kai ƙarar mutumin da ke kawo masa kasuwa?

Auwalu Mai Fenti:
Yaya Zainab, wannan kalmar ta talla kyauta mun sha jin ta. Mutum ɗaya ko biyar a sama suna cin moriyar suna, saura fa? Kuma abin da kika faɗa a ƙarshe shi ne ciwon. Golan NHL duka wajen ɗari ne kawai a kaka guda. In ka ɗaga murya a kan ɗaya, sauran su ji, a koma wajen wani mai fentin da ba ya surutu. Lundqvist ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 59.5 a 2013. Mafi ƙarancin albashi a gasar ma a kakar 2024 dala 775,000 ne. 'Yan wasa suna da ƙungiya mai karɓar musu kaso a kowane kati. Masu fenti kowa shi kaɗai yake.

Malam Bashir Minnesota:
A nan garinmu mun ga inda aka ba mai zane girmansa. A Nuwamba 2023 Marc-André Fleury na Minnesota Wild ya sa aka yi masa hula don daren karrama 'yan asalin ƙasar, saboda matarsa tana da jini a cikinsu. Cole Redhorse Taylor, ɗan ƙabilar Dakota, shi ya tsara zanen, furanni irin na gargajiyarsu. NHL ta ce ba zai sa ba, don a shekarar ta hana kayan musamman a lokacin motsa jiki. Ya sa abinsa ya fito. Aka yi gwanjon hular ta haura dala 35,000, kuɗin suka tafi aikin taimako. Jaridu da dama da suka ba da labarin sun ambaci sunan Taylor. Sai dai ku lura, rigimar ce ta sa aka san shi. Da an bar Fleury ya sa hular salin alin, mutum nawa ne za su tambayi wa ya zana?

Malam Isa:
Salamu alaikum. Ina biye da ku. Ga 'yan uwa masu ganin haƙƙin mallaka al'adar Turawa ce kawai, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a ci. Amma Alhaji ma yana da madafa, domin malamai sun ce abin da mutane suka saba da shi a mu'amala kamar sharaɗi ne ko ba a furta ba. In al'adar sana'ar ita ce mai biya ya yi yadda ya so da zanen, kuma mai fenti ya san haka ya karɓi kuɗi, to da wuya ya dawo daga baya. In kuma al'adar ba haka take ba, shiru ba kyauta ba ne. Batun zana dabbobi kuwa wani zama ne daban, kada mu buɗe shi yau.

Alhaji Mudi:
Allah ya saka da alheri Malam. Kun ji ko, ina da madafa.

Barista Hadiza:
Kana da ita Alhaji, izini a fakaicen da na ambata ɗazu ke nan, da wani harshen.

Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba, wanda ke ɗaure mai fenti ta baya. Kusan kowace hula akwai tambarin kulob a jikinta, kuma tambarin ba nasa ba ne. Saboda haka shi ma ba zai buga kwafin aikinsa ya sayar ba sai da lasisin NHL. Su ba su buga ba sai da shi, shi bai buga ba sai da su, amma su ke da kasuwa da lauyoyi. Sannan golan suna son a sa musu 'yan zanen katun, jaruman fim, mawaƙa, hoton da aka ɗauko daga intanet. Duk waɗannan da masu su. Dokar Amurka ta ce ɓangaren da ka yi amfani da kayan wani ba izini, ba ka da kariya a kansa. Kuma tun hukuncin 2023 da Kotun Ƙoli ta ba mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith gaskiya a kan gidauniyar mai zane Andy Warhol, cewa ai na canza hoton da hannuna ba ta wadatar in ana maganar sayarwa. Mai fentin da zai ce a biya shi, ya fara duba ko shi ma wani na bin sa.

Zainab Stockholm:
To gwanjo fa? A nan Turai in aka sake sayar da aikin mai zane ta hannun dillali ko gidan gwanjo, ana cire masa ɗan kaso. Faransa ta fara tun 1920, Tarayyar Turai ta mai da shi na kowa a 2001, iyakarsa yuro 12,500 a kan ciniki ɗaya.

Barista Hadiza:
Amurka ba ta da shi. California ta yi tata dokar a 1976, kashi 5 cikin ɗari, kotun ɗaukaka ƙara ta kusan shafe ta a 2018. A Kanada masu zane sun daɗe suna nema, misalin da suke kawowa kullum shi ne Kenojuak Ashevak, 'yar ƙabilar Inuit, wadda aka biya ta dala 24 a kan zanen mujiyarta na 1960, aka sayar da kwafi ɗaya a gwanjo a 2001 kan dala 58,650, ba ta ga ko kwabo ba. Amma ko an yi dokar, gidan gwanjo zai ce hular gola kayan wasa ce, ba aikin zane ba, kuma zai kawo hujjar Alhaji ta kan da ya sa hular.

Abin da Kanada ta fi Amurka ƙarfi a kai shi ne mutuncin aiki: a ambaci sunanka, kuma kada a lalata aikin ta yadda zai zubar maka da daraja. A 1982 Michael Snow ya kai cibiyar kasuwanci ta Eaton da ke Toronto ƙara don sun ɗaura wa dinyoyin da ya sassaƙa jan ƙyalle a wuya lokacin Kirsimeti, kotu ta ce a cire. Sai dai ana iya sa ka ka yafe wannan haƙƙin a kwantiragi, kuma layi ɗaya ne.

Nura:
To a gasar Olympics da ake sa gola ya rufe zane fa? Na tuna a 2018 an hana Matt Dalton na Koriya ta Kudu sa hoton wani tsohon kwamandan ruwansu, Yi Sun-sin, aka ce siyasa ce. A 2010 ma an sa Ryan Miller ya rufe wani rubutu. Mai fenti zai iya ƙara?

Barista Hadiza:
Zai sha wuya. Ƙa'idar gasa ce, kuma duk mai yi wa gola hula ya san akwai masu gasa a samansa.

Sagir Winnipeg:
To ni abin da ya fi tsaya mini shi ne sunan. Kaso yana da wahalar lissafi, na yarda. Amma bayan kati akwai wurin tsayin ɗan wasa da nauyinsa da garin da aka haife shi. Rubuta wanda ya fenta hular layi ɗaya ne, ba ya cin ko kwabo.

Alhaji Mudi:
Yana ci mana. Ranar da ka rubuta sunansa ka amsa cewa nasa ne, gobe ya zo da lauya. Ni ɗan kasuwa ne, na san dalilin shirun.

Auwalu Mai Fenti:
Alhamdu lillahi, yau Alhaji da kansa ya faɗa.

Ni tun bayan mai gidan abincin nan ba na taɓa fenti sai an rubuta abu uku a rasit. Kayan naka ne, ka yi amfani da shi, a ɗauke ka hoto da shi. Sunana yana gefe, ba a gogewa. In za a buga zanen a wani abu don sayarwa, a dawo mu yi sabon ciniki. Wasu sun gudu, wasu sun sa hannu.

Alhaji Mudi:
To in ni ne golan, sai in ce maka na ji, ka riƙe zanenka, amma ka rage mini kuɗin aiki, tunda rabin kaya ka sayar mini.

Barista Hadiza:
Alhaji, ai haka ake yi a wajen masu zanen littattafai da na talla. Farashi biyu ne, na amfani kaɗai da na sayen haƙƙin gaba ɗaya, na biyun ya fi tsada nesa. Kuma a Amurka ko ka sayar gaba ɗaya, doka ta ba ka damar karɓe abinka bayan shekara 35, in dai ba a matsayin ma'aikaci ka yi aikin ba.

Auwalu Mai Fenti:
Ba ragi, ranka ya daɗe. Kuɗin da kuke biya yanzu shi ne na amfani kaɗai. In kana son ɗayan, kai za ka ƙaro.

Alhaji Mudi:
Nawa?

Auwalu Mai Fenti:
Sai ka faɗa mini kwafi nawa za ka buga.